Tsinke Dogo da Tsinke Gajere

Shekarar da aka tura ni aiki Issawane, tutar ƙasa ba ta daɗe da canjawa ba, gyaɗa kuma tana kan ganiyarta. Duk wanda ka gani da sabon keke ko rufin kwano tsakanin Mayahi da Tasawa, gyaɗa ce ta yi masa. Ni dai ba ta yi mini komai ba, don inda aka kai ni ƙasa ce ta rairayi da rijiyoyi masu zurfi, gero ma da ƙyar yake kai kansa, shanu kuwa sun fi mutane yawa. Aikina allurar dabbobi. In na yi wa saniya allura sai in tsaga mata kunne, don a san an gama da ita. Gwamnati ta ba ni doki, da akwatin ƙarfe, da wani ɗaki a gefen gari wanda aka ce da can gishiri ake ajiyewa a ciki. Mutane suna gaishe ni da ladabi, suna ce mini Mushe kamar yadda ake ce wa duk mai wando da takarda. Tuwo kam ana aiko mini, a rufe da faifai, in ci ni kaɗai. Ba wanda ya taɓa cewa in zo mu sa hannu a akushi ɗaya.

Ban yi mamaki ba, don na saba. Ina da shekara bakwai aka kai ni lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa. A lokacin in aka ce kowane gari ya ba da yaro, masu uba a rumbu ake ɓoye su, sai a duba a ga wane ne ba shi da mai tsaya masa. Mu kuwa iyayenmu sun rasu a shekara ɗaya, daga ni sai yayata, wadda ta girme ni da shekara goma. Ita ta goya ni, ita ta yi mini kuka ranar da aka tafi da ni, kuma ita kaɗai ce ba ta canja mini fuska ba da na dawo da Faransanci a baki. Sauran dangi sai su riƙa kallona kamar an musanya musu yaro a hanya. Ita kuwa Auta take ce mini, har na yi gemu, kuma in na yi mata iyayi sai ta ja mini kunne a gaban kowa.

Mijinta manomi ne a wani ƙauye kusa da Urafane, dogo, mai ƙarfin murya, mai gona har ido ya gaji. Ba mugun mutum ba ne, kuma ina so a riƙe wannan, don abin da zan faɗa a gaba zai iya sa a ɗauka mugu ne. Tsakanina da shi wasa ne, kamar yadda yake tsakanin kowane miji da ƙanin matarsa. Da ya hango dokina zai ɗaga murya ya ce, "Ku ɓoye awakinku, ga mai allura nan!" Ni kuma in ce na zo karɓar yayata ne, tunda ya kasa ciyar da ita. Duk abin da na gaya masa, komai nauyinsa, ba shi da ikon yin fushi, ni ma haka. A zaurensa kaɗai ake zagina a duk faɗin ƙasar nan, kuma wallahi nan kaɗai nake jin ni mutum ne cikin mutane. Tafiyar kwana biyu ce a kan doki, amma duk sa'ad da na sami hutu can nake nufa.

Yaya ta haifa masa 'ya'ya biyar, duka mata. Da a ce zamanin gero ne kawai, wataƙila da maganar ba ta yi zafi haka ba. Amma gyaɗa tana son hannu, kuma tana sa mutum ya fara tunanin wa zai bar wa gona. Ƙannensa biyu kowa da samari a bayansa in za a fita noma, shi kuwa babban wa, sai dai ya kira 'yan ƙodago. 'Yan matan nan suna aiki, su ke tsinkar gyaɗa, su ke ɓara, su ke kai abinci gona, amma ba a lissafa su a hannu. Uwarsa, tsohuwa mai kaifin harshe, ita ta fara cewa cikin Yaya cikin mata ne. Daga nan magana ta zama ta kowa. Yaya ta sha jiƙo, ta sha rubutu, ta sha saiwar da ko akuya ba za ta lasa ba. Na taɓa samun ta tana amai a bayan ɗaki saboda wani magani da aka kawo daga arewa, ta goge baki ta ce mini ba komai.

Da damina ta kankama a wannan shekarar na je, na tarar tana da ciki na shida. Muna zaune a ƙofar ɗakinta tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Auta, an hwaɗa mani in wannan ma ɗiya ce, in tattara kayana."

Na ce wa ya faɗa.

"Tsohuwa ta hwaɗi, shi kuma bai ce a'a ba."

Na ce ai sai ta zo wurina, ɗaki na nan. Ta yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. "Ɗakin gishirin naka? To yaran hwa? Ka san ba a ba ni ko ɗaya." Sai ta ƙara da wata magana da ta fi ta farko ƙona mini rai. Ta ce, "Ban ga laihinsu ba. Ni ce ban iya ba."

Da wannan maganar na hau doki na koma Issawane, ita nake ta juyawa har na isa.

A cikin akwatin ƙarfena akwai wata takarda da na zo da ita daga Yamai, inda aka koya mana aikin dabbobi. Wani Bature likitan shanu ne ya ba ni ita, don ya ga na tsaya ina kallonta bayan kowa ya fita. Hoto ne na wasu 'yan ƙananan abubuwa baƙaƙe, kamar gutsattsarin zare, an jera su biyu-biyu daga manya zuwa ƙanana. Kuromozom ake ce musu. Suna cikin ƙwayoyin jikin duk mai rai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, kuma a cikinsu gado yake tafiya, daga launin fata har tsayin ƙaho. Jeri ɗaya na mutum ne, ɗaya na sa. A bayan takardar na rubuta adadin da Baturen ya ba mu: mutum arba'in da shida, tunkiya hamsin da huɗu, saniya sittin, akuya ma sittin, jaki sittin da biyu, doki sittin da huɗu. Rabi daga uwa, rabi daga uba.

A Issawane rana tana da tsawo in ba a fita allura ba. Sai in baje takardar nan a kan tabarma in yi ta kallo, ina gwada na mutum da na sa, kamar mai neman kama tsakanin 'yan'uwan da suka daɗe da rabuwa. Adadi ya bambanta, siffa ma ta ɗan bambanta, amma tsarin ɗaya ne. Abin da ya fi kama ni shi ne biyun ƙarshe. A jikin mace, ko mutum ce ko saniya ko akuya ko goɗiya, biyun nan dogaye ne iri ɗaya. A jikin namiji kuwa ɗaya dogo ne, ɗaya gajere. Uwa ba ta da abin bayarwa sai dogo. Uba ne yake da iri biyu: in dogonsa ya tafi a haifi mace, in gajeren ya tafi a haifi namiji. Shi ma ba zaɓa yake yi ba, yadda Allah ya so haka take faɗuwa. Na san wannan tun ina Yamai, na ci jarrabawa da shi, amma ban taɓa haɗa shi da yayata ba sai a wannan daminar. Ranar da na haɗa, sai da na tashi tsaye ni kaɗai a ɗaki.

Mutum na farko da na gwada wa maganar wani tsohon Bafulatani ne da muke haɗuwa a bakin rijiya. Ba abokina ba ne, amma shi kaɗai ne yake zama in na zauna. Na zaro tsinkaye daga tsintsiya, na kakkarya, na jera masa a kan rairayi. Ya saurara da kyau, yana jingine da sandarsa, sannan ya ce, "Mutum arba'in da shida, saniya sittin? Ashe ta fi mu kaya. Na daɗe ina zargin haka." Da na zo kan biyun ƙarshe, dogo da gajere, sai ya ɗauki gajeren ya juya shi a hannu. Ya ce su dai in saniya ta haifi mace murna suke yi, in ta haifi namiji kuma ba wanda ya taɓa dukanta. Na gaya masa abin da nake shirin yi da wannan magana. Ya dube ni ya ce, "Mushe, ni ka gwada ni da sa, na gode maka. Manomi kuwa ban sani ba." Na ji shi, amma ban ɗauka ba. Ina da shekara ashirin da huɗu, ina da takarda mai hoto, kuma a ganina gaskiya in ta fito fili kowa sai ya sunkuya mata.

Na jira har kaka. Na isa ƙauyen da la'asar, ranar da suka dawo daga kai gyaɗa wurin awo, kowa fuska a sake. Mijin Yaya yana zaune a zaure da ƙannensa biyu, da wani dattijo maƙwabcinsu, da mutum uku ko huɗu da suka zo shan inuwa. Ya hango ni ya yi kirarin da ya saba, aka yi dariya, aka matsa mini wuri. Ban ko shiga na gaida Yaya ba. Ruwa kawai na sha, na jawo tsintsiyar da ke jingine a bango na fara zarar tsinke.

"Mi za ka yi, likitan awaki? Shara aka koya maka Yamai?"

Na ce lissafi zan yi masa, in ƙirga shi in ƙirga bunsurunsa a ga wa ya fi. Zaure ya ɗauki dariya. Na jera tsinkaye, na faɗi adadin mutum, na faɗi na jaki. Ƙaramin ƙaninsa ya ce dama ya san jakin gidan nan ya fi maigidan hankali, ga shi takarda ta tabbatar. Mijin Yaya ya fi kowa dariya, har yana dukan cinya. Na bi da su a hankali har na kawo kan biyun ƙarshe. Na ajiye dogaye biyu na ce ga mace, na ajiye dogo da gajere na ce ga namiji. Na nuna musu cewa uwa dogo kawai take bayarwa, a mutum da saniya da akuya duka, uba ne yake kawo abin da zai raba mace da namiji.

Aka sake yin dariya, amma na lura dattijon nan bai yi ba, ya zuba wa tsinkayen ido. Mijin Yaya ma, yana dariyar, sai da ya sake kallon gajeren tsinken sau biyu. Yau da na tsufa na san a nan ya kamata in tsaya. Magana ta riga ta shiga, ta shiga ta ƙofar da al'ada ta buɗe mini, ba wanda ya ji kunya, kowa zai tafi da ita gida ya juya ta shi kaɗai. Da na tattara tsinkayena na ce a kawo mini fura, da wataƙila shi ke nan.

Sai babban ƙaninsa ya ce, cikin wasa shi ma, "Kai dai hwaɗi gaskiya, yayarka ce ba ta iya ba, ka zo ka rufa mata asiri da tsintsiya."

Ba ta iya ba. Kalmar da Yaya ta faɗa da bakinta ke nan, ashe daga nan ta samo ta. Ni mutum ne mai saurin fushi, lakwal ba ta raba ni da shi ba, ta dai koya mini in yi shi da hujja. Na miƙe tsaye a gaban manya, na zaro takardar daga aljihu na buɗe, na ce, "Na ajiye wasa. Wallahi tallahi abin da na hwaɗi gaskiya ne, ga shi a hoto. Shekara nawa kuna ba ta ɗaci tana sha? In akwai wanda za a tambaya, ga shi nan zaune. Daga gare shi ɗiyan nan mata suka hito, kamar yadda suke hitowa daga sa da bunsuru."

Ban faɗi sauran ba. Ban ce shi ma ba laifinsa ba ne, ban ce ba mai zaɓa sai Allah ba, alhali na sani, yana rubuce a kaina. Fushi ya ɗauki rabin da yake so ya bar rabin.

Dattijon ya yi gyaran murya ya ce, "Wasa shikai, ku ƙyale shi. Ɗan lakwal ne, haka wasansu yake." Hanya ya buɗe mini, babba, wadda ko makaho zai bi.

Mijin Yaya bai ɗaga murya ba, kuma wannan ne karo na farko da na ji shi yana magana a hankali. Ya ce, "Auta, wasa kake?" Bai taɓa kirana da wannan sunan ba sai ranar.

Na ce ba wasa nake ba.

Ya sake tambaya. Na sake ba shi amsa ɗaya, har da ɗaga takarda.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To. Wasan nan shi ya haɗa ni da kai. Tunda ka ajiye shi, ni ma na ajiye. Yanzu kai yaro ne da ya shigo zaurena ya gwada ni da bunsuru gaban ƙannena. Tashi ka ba ni wuri." Ya miƙe ya shiga gida. Mutane suka fara neman takalmansu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya dube ni. Ƙaramin ƙanin, wanda ɗazu yake dariyar jaki, ya sa ƙafa ya share tsinkayen zuwa bakin ƙofa.

Na fita na tsaya wurin dokina. Ina jin muryar tsohuwa daga cikin gida, sama-sama, ina jin sunan lakwal da na kafirci suna fitowa. Har a lokacin ban gane abin da na yi ba. Ina tsaye ina huci, ina jin ni jarumi ne wanda aka zalunta, ina ma shirya abin da zan ƙara in an sake ba ni dama. Ban tuna ba cewa magana zarar bunu ce, kuma ba a ɗakina na zare ta ba, a ɗakin Yaya ne.

Can sai ga ta ta fito, ciki ya yi nauyi, tana tafe tana dafa bango. Ta tsaya a ƙofar gida inda kowa zai ji, ta buɗe murya. Ban taɓa jin ta zagi mutum ba, amma ranar ta zage ni tas. Ta ce ba ni da kunya, ta ce karatun Nasara ya cinye mini hankali, ta ce ita ba ta aike ni ba, kuma wanda ya taɓa mijinta ya taɓa ta. Matan gida sun leƙo ta saman danga suna kallo. Na tsaya kamar an dasa ni. Da ta gama sai ta ce, "Kwance dokinka. In raka ka ka bar mana gari, kada a ce ban kore ka da kaina ba."

Muka bi hanyar da ta ratsa gonaki, ni da igiyar doki a hannu, ita a gefe tana numfashi da ƙyar. An riga an cire gyaɗa, ƙasa duk a tone, harawa a tattare a kan itatuwa. Muka ci gaba da tafiya har muka wuce rumbunan ƙarshe. A nan ta tsaya, ta waiwaya ta tabbata ba mai bin mu.

"Ya ce ko kai ko shi," in ji ta. "In ka sake taka gidan nan, in bi ka."

Na fara cewa ai don ita na yi. Ta ɗaga mini hannu.

"Na sani. Yi shiru in tambaye ka. Abin nan da ka hwaɗi, na ji shi ta bayan zana. Gaskiya ne, ko don ka kare ni ka ƙaga?"

Na ce gaskiya ne.

"Har ga Allah?"

Na ce har ga Allah. Na gaya mata dukansa a wannan karon, har rabin da na bari a zaure, cewa shi ma ba shi da laifi, ba mai laifi ko ɗaya. Na sa hannu aljihu zan fito da takardar, ta ce in bar ta, ba ta san hoto ba, ni ta sani.

Sannan ta ce, "Tun yaushe ka san wannan?"

Na ce tun ina Yamai.

"Shekara nawa ke nan?"

Na ce huɗu.

"Shekara huɗu," ta maimaita. "Ka same ni ina amai bayan ɗaki. Ka zauna ƙohwar ɗakina ina tankaɗe na ce maka ni ce ban iya ba. Ba ka hwaɗa mani ba, Auta. Ka ɗauko ta tun daga Issawane, tahiyar kwana biyu, ka kai ma maza a zaure. Ni da abin ke jikina, ni ba ka ga ya kamata in ji ba?"

Ban taɓa tunanin in gaya mata ba, ko sau ɗaya. A kaina magana ce ta ilimi, maganar ilimi kuwa maza ake kai wa. Na yi ta jin haushin mutanen ƙauye don ba su lissafa ta, ashe ni ma ban lissafa ta ba. Kunyar da na ji a wurin nan ta fi ta zagin ƙofar gida nesa ba kusa ba.

Ta share ido da bakin zane. Ta ce, "Da ni ka gaya ma, da na riƙe abina a ciki, ko an kore ni na tahi da sanin ba ni ce ba. Ya ishe ni. To yanzu na ji, na gode. Hau ka tahi. Kada ka zo, kada ka aiko, ko ka ji na haihu. Ina da ɗiya biyar a gidan can."

Na hau. Da na yi nisa na waiwaya, na ga ta riga ta juya, tana komawa a hankali da hannu ɗaya a ƙugu.

Bayan wata biyu wani mai jaki da ke kawo kanwa ya gaya mini ta sauka lafiya, an sami mace. Na kwana uku ina jiran in ga an kawo ta da kayanta, har na share ɗaki na sayi tabarma ta biyu. Ba ta zo ba. Daga baya na ji mijin ya hana a sake tayar da maganar tattara kaya, har ya yi wa tsohuwa tsawa a kai. Waɗansu sun ce don kada a ce maganar likitan awaki ce ta ci shi ya huce a kan mace. Waɗansu sun ce ganin yadda ta tsaya masa a ƙofar gida ne. Ni ban sani ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya. Abin da na sani, Yaya ta zauna a ɗakinta da 'ya'yanta shida, ni kuma in hutu ya zo sai in ɗaure doki in zauna a Issawane. Tsohon Bafulatanin ya tashi da shanunsa ya yi kudu a wannan rani, bai dawo ta rijiyarmu ba.

Sau ɗaya na sake ganinta. Bayan shekara biyu aka haɗa mu da ma'aikatan Tasawa don yin allura a Urafane, aka sa ranar kasuwa saboda makiyaya su taru. Da azahar na ja doki zan ba shi ruwa, sai ga matan ƙauyensu sun taho a jere da ƙwarya a ka, tsohuwa a gaba. Yaya ce ta huɗu, ta rame kaɗan, da goyo a baya. Ta gan ni, na tabbata ta gan ni, don ƙafarta ta ɗan tsaya. Ban yi motsi ba, ban buɗe baki ba, na riƙe maganar da ta gaya mini.

Ba ta gaishe ni ba. Ta ce wa ta bayanta ta wuce, goyo ya kwance. Ta sauke ƙwarya, ta juya mini baya, kamar taku biyar tsakaninmu, ta sunkuya ta fara gyaran zane. Yarinyar, ta shidan nan da ban taɓa gani ba, ta leƙo ta gefen majanyi, 'yar baƙa mai manyan idanu, da ɗan yatsa a baki, tana kallona ina kallonta. Goyon nan ba abin da ya same shi, amma Yaya ta kwance ta ɗaure, ta sake kwancewa ta sake ɗaurewa, har sai da tsohuwa ta kira ta daga gaba. Sannan ta ɗauki ƙwaryarta ta ɗora a ka, ta bi sahu, ba ta waiwayo ba.

Na tsaya da igiyar doki a hannu har suka shige rumfunan masu hatsi.